Tsarin kula da ɗimuwar ɗalibai: Asalinsa da yadda yake aiki a makarantu

Tsarin kula da ɗimuwar ɗalibai hanya ce ta tafiyar da makaranta wadda ke la'akari da cewa tashin hankalin da yaro ya gani, kamar duka ko rasa iyaye ko harin 'yan bindiga, yakan bar masa tabo a zuciya, tabon kuma ya bayyana a halayensa cikin aji.

Asalinsa

Tsarin ya samo tushe daga wani bincike da Cibiyar Daƙile Cututtuka ta Amurka ta gudanar tare da kamfanin kiwon lafiya na Kaiser Permanente tsakanin 1995 da 1997, ƙarƙashin jagorancin likitoci Vincent Felitti da Robert Anda. An tambayi manya fiye da 17,000 abin da suka fuskanta a ƙuruciya. Kusan biyu bisa uku sun ce sun gamu da aƙalla nau'i guda na cin zarafi ko sakaci ko rikicin gida. Binciken ya nuna cewa gwargwadon yawan waɗannan masifu, gwargwadon haɗarin shaye-shaye da ciwon damuwa da cututtukan zuciya idan an girma.

Yadda ɗimuwa ke shafar karatu

Yaron da ya daɗe cikin fargaba, jikinsa kan zauna cikin shirin gudu ko faɗa. Tsawa ko bugun ƙofa kan isa su tayar masa da hankali. Daga nan sai a ga saurin fushi, ko yawan shiru, ko kasa riƙe karatu, abin da malami kan ɗauka a matsayin taurin kai. Bulala da kora kan ƙara masa tsoron da ya haifar da matsalar tun farko.

Matakan da ake ɗauka

Ana horar da malamai da masu gadi su gane alamomin ɗimuwa. Ana tsayar da jadawalin da ba ya yawan canzawa, a ware wurin da ɗalibi zai huce, sannan a zauna da shi a ji abin da ya same shi kafin hukunci. Hukuncin yana nan, sai dai yakan karkata ga gyara ɓarna da sulhu. Wanda abin ya yi wa tsanani kuwa, a miƙa shi ga ƙwararru.

A makarantar sakandare ta Lincoln da ke Walla Walla a Jihar Washington, shugabanta Jim Sporleder ya rungumi tsarin, inda dakatar da ɗalibai ya ragu da kusan kashi 85 cikin 100 a shekara guda. A Los Angeles kuma an ɓullo da shirin CBITS mai zama goma na rukuni, wanda gwajin da aka wallafa a 2003 ya nuna yana rage alamomin ɗimuwa.

Alaƙarsa da Najeriya

Sace ɗalibai a Chibok a 2014, da Ƙanƙara a 2020, da Jangebe a 2021, da Kuriga a 2024, ya bar ɗimbin yara da fargabar komawa aji. Najeriya na cikin ƙasashen da suka amince da Yarjejeniyar Kare Makarantu ta Oslo ta 2015, har Abuja ta karɓi baƙuncin taronta na duniya a 2021. Katanga da jami'an tsaro na kare ginin makaranta, amma ɗalibin da ya dawo daga hannun masu garkuwa yana kuma buƙatar malamin da ya san yadda zai tafi da shi.