Majigi: Ajin Dare a Ƙasar Auduga

Tun ba a san kwamfuta ko wayar hannu ba, ƙasar Funtuwa da Malumfashi ta san wani aji marar bango marar rajista, wanda ba a taɓa kai yaro cikinsa da bulala ba. Shi ne majigi. Mota kan shigo gari da la'asar ɗauke da janareta da injin haska fim da lasifika, mai shela ya zaga unguwanni, a kafa farin ƙyalle a ƙofar hakimi ko a filin firamare. Da an idar da sallar isha'i sai gari ya tattaru, yara a gaba, manya a baya.

Wani jami'in lafiya Bature, William Sellers, shi ya fara gwada koyar da tsafta da fim a Nijeriya, daga baya ya shugabanci sashen shirya finafinai na mulkin mallaka da aka buɗe a Landan a 1939. Ra'ayinsa shi ne ɗan Afirka ba zai gane fim mai sauri ba, don haka a riƙa jan hoto a hankali. Raini ne tsagwaronsa, amma motocin da aka ƙera don aikin sun daɗe bayan tafiyar Turawa.

Abin da ya jawo su wannan yanki auduga ce. Layin dogo daga Zariya zuwa Ƙauran Namoda, wanda aka kammala a 1929, ya ratsa Funtuwa. Kamfanin auduga na Turawa, BCGA, ya kafa injin gurzar auduga. A Daudawa kuma akwai gonar iri. Hukuma na son manomi ya karɓi sabon iri, ya shuka a layi kuma da wuri, ya tuge itacen auduga ya ƙone bayan cira saboda tsutsa. Takarda ba za ta isar da wannan ga wanda bai yi boko ba. Fim ɗin Baban Larai, wanda aka shirya kan noman zamani, ya isar, har dattawa na tuna sunansa yau.

Sai dai ƙashin bayan majigi ba injin ba ne, mai bayani ne. Shi ke riƙe da makirufo yana faɗin abin da ake gani da Hausa, ya sa barkwanci, ya ja kunne, ya maimaita inda ya ga an yi tsit. Kafin darasi a kan sa labaran rangadin Sardauna ko wasan ban dariya, don jama'a su zauna. Duk malamin da ya taɓa fama da aji bayan tara ya san hikimar hakan.

Gangamin Yaƙi da Jahilci na shekarun 1950, wanda Malam Ahmadu Kumasi na Katsina ya yi fice a cikinsa, ya ci moriyar irin wannan taro. A 1962 aka buɗe rediyo da talabijin na Kaduna, a 1964 Nijar ta fara gwada koyar da 'yan firamare ta talabijin, a 1975 kuma shirin raya noma na Funtuwa, mai tallafin Bankin Duniya, ya baza malaman gona ƙauyuka. Amma da shirin ilimin firamare ga kowa (UPE) ya cika azuzuwa a 1976, allo da alli kawai yara suka tarar. Hoto mai motsi ya tsaya a dandali, bai shiga aji ba.

Yau bidiyo na cikin aljihun malami, sai dai yawancin na darasi da Turanci yake, makarantun ƙauye da dama kuma ba lantarki. Motar majigi kan zo da wutarta da mai bayaninta. Duk shirin kai na'ura aji a kudancin Katsina da bai tanadi waɗannan biyun ba, to, bai kai majigi tsari ba.