Maybach: Motar da Tsada Ta Kasa Saya wa Suna

A shekarar 2002 kamfanin DaimlerChrysler ya farfaɗo da sunan Maybach, motar alfarma ta Jamus wadda Karl Maybach ya fara ƙerawa a 1921, aka kuma daina yinta lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Sababbin samfura biyu, 57 da 62, sun fito da farashin da ya haura dala 300,000, domin su kara da Rolls-Royce da Bentley.

Sai dai shekara sittin ba a ji ɗuriyar sunan ba, attajirai sun manta da shi. Rolls-Royce kuwa bai taɓa barin kasuwa ba. Mutane da dama sun ɗauki Maybach tamkar Mercedes S-Class ce aka ƙara wa tsawo. A 2011 kamfanin ya sanar da daina ƙera ta, kuma jimillar da aka sayar ba ta wuce kimanin 3,000 ba.

A kasuwar motocin hannu abin ya fi fitowa fili. Mai mota yakan yanka farashi bisa abin da ya biya, mai saye kuma yakan taya bisa abin da zai samu ranar da shi ma zai sayar, ga tsadar gyara. Motar sai ta daɗe ba ciniki, kuma duk wanda ya gaji ya sallama da araha, ya ja farashin sauran ƙasa.

Da aka dawo da sunan a 2014, Mercedes-Maybach aka kira shi, aka jingina shi da sunan da masu saye suka riga suka amince da shi.