Me ake nufi da azumin Kiristoci na kwana arba'in?

A kowace shekara miliyoyin mabiya addinin Kirista, musamman 'yan ɗarikar Katolika da Angilika da Orthodox, kan shafe kimanin makonni shida suna azumi da tuba kafin bikin Ista, ranar da suka yi imani cewa Yesu Almasihu ya tashi daga matattu. Da Turanci ana kiran wannan lokaci Lent.

Adadin kwanakin ya samo asali ne daga abin da Linjila ta ruwaito, cewa Yesu ya yi kwana 40 a jeji yana azumi, Shaiɗan kuma yana jarraba shi. Al'adar ta daɗe, domin an ambaci waɗannan kwanaki a taron manyan limaman Kirista da aka yi a garin Nicaea, cikin ƙasar Turkiyya ta yanzu, a shekarar 325.

A majami'un Yamma azumin kan fara ne ranar da ake kira Larabar Toka, kwana 46 kafin Ista, saboda ba a ƙirga ranakun Lahadi shida da ke tsakani. A ranar limami kan shafa wa masu ibada toka a goshi, yana tunatar da su cewa daga ƙasa aka halicce su, kuma cikinta za su koma. Tokar ta ganyen dabino ce da aka yi amfani da shi a ibadar shekarar da ta gabata.

Inda Musulmi kan yi mamaki shi ne yadda ake yin azumin kansa. Babu sahur, babu buɗa-baki da faɗuwar rana, kuma shan ruwa ba ya karya shi. Bisa sassaucin da Paparoma Paul na Shida ya yi a 1966, kwana biyu kawai azumi ya wajaba a kan ɗan Katolika: Larabar Toka, da Juma'ar da ke gabanin Ista, wadda Kiristoci suka yi imani a cikinta aka gicciye Yesu. A waɗannan ranaku mutum kan ƙoshi sau ɗaya, sai ɗan abin taɓawa sau biyu. Dokar ta shafi masu shekara 18 zuwa 59. Ana kuma ƙaurace wa nama a kowace Juma'a, amma an yarda da kifi. Sauran kwanakin an bar wa kowa ya zaɓi abin da zai haƙura da shi, kamar barasa ko taba ko kayan zaƙi, ya kuma yawaita addu'a da sadaka. Don haka maƙwabcin da aka gani yana shan ruwa da tsakar rana ba lallai ne ya saɓa wa addininsa ba.

A Habasha da Masar lamarin ya fi tsanani. Kiristocin Orthodox na can kan yi kwana 55 ba nama, ba madara, ba ƙwai, kuma da yawansu ba sa cin komai sai bayan ƙarfe uku na rana.

Akwai kuma majami'un da ba sa yin wannan azumi, kamar da yawa daga cikin na Fentikos, waɗanda kan tsayar da nasu lokacin, galibi a farkon shekara.

Da yake ana la'akari da cikar wata wajen tsayar da ranar Ista, takan faɗo ne tsakanin 22 ga Maris da 25 ga Afrilu a majami'un Yamma. A 2025 azumin ya zo tare da Ramadan: Musulmin Najeriya sun ɗauki nasu ranar 1 ga Maris, Larabar Toka kuma ta kama 5 ga watan.