Yadda Faifan Ajiya Suka Koyi Raba Adireshi a Da'ira

Mai karatu, ka taɓa tunanin yadda faifan ajiya fiye da ɗari ke magana a layi ɗaya ba tare da rikici ba? A zamanin SCSI, kebul ɗaya na'ura 8 ko 16 kawai yake ɗauka, kuma da hannu ake saita lambar kowacce. An fara tsara Fibre Channel a 1988, hukumar ANSI ta Amurka ta amince da shi a 1994. Da yake suwic na da tsada a lokacin, a 1996 aka fito da tsarin FC-AL, inda ake jona na'urori a da'ira.

To, ya ake raba adireshi? Da zarar sabuwar na'ura ta shigo, sai ta aika siginar LIP, kowa ya dakata. Sannan a zaɓi shugaba: in akwai suwic a da'irar, shi ne, adireshinsa 0, in babu, mai mafi ƙanƙantar lambar masana'anta. Shugaban sai ya zagaya da jadawali sau huɗu: farko waɗanda suwic ya riga ya ba adireshi, sai masu neman tsohon nasu, sai waɗanda aka saita wa da hannu, sauran su ɗauki abin da ya rage. Duka-duka adireshin 127 ne.

Ka ga matsalar? Lalataccen faifai ɗaya da ke ta maimaita LIP na iya tsayar da aikin kowa. Shi ya sa da suwic ya yi araha, aka koma ba kowace na'ura hanyarta, da adireshi mai bit 24, wato kimanin miliyan 16.