Zane da Tsarki a Duwatsun Muchalla

A 1923 'yan mishan na Brethren suka kafa zango a Garkida, sannu a hankali bishara ta bazu har ƙasar Fali ta Muchalla, a duwatsun Mubi. Tare da wa'azi, zane da ɗankwali suka hau dutsen. Jikin budurwa, wanda a da ake ƙawata shi da duwatsun ado a bainar jama'a, ya koma abin ɓoyewa. Littafi Mai Tsarki na Hausa, na 1932, ya ba masu wa'azi kalmomin tsarki da sha'awar jiki, amma a ganina nauyinsu kan 'ya mace ya sauka. Takan taso tana jin kunyar ƙirjinta tun ba ta san namiji ba. In ta yi ciki kafin aure, ita ke zaman horo a bencin baya. Saurayin kuwa cikinsa ba ya tona shi.