Yadda Sakkwato Da Gwandu Suka Riƙe Daula Ɗaya

Kowane yaro da ya tashi a Dodoru ko Kalgo ya san ƙasarsu ta Gwandu ce. To, amma ina dalilin da daula ɗaya ta yi fada biyu, kuma ƙaƙa suka yi aiki ba su yi karo ba?

A shekarar 1812, sa'ad da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo yake zaune a Sifawa, ya ga ƙasa ta yi faɗi, sai ya raba aikin riƙonta. Gabas ya ba ɗansa Muhammadu Bello, yamma kuwa ya ba ƙanensa Abdullahi. Kano da Katsina da Zazzau suka duba Sakkwato. Daga baya Nupe da Ilori suka faɗa rabon Gwandu, can suke kai gaisuwa, daga can ake tabbatar da sarakunansu. Wannan ba wuya, kowa ya san gonarsa.

Wuyar tana ga al'amarin da ya shafe su duka biyu. Da Shehu ya rasu a 1817, aka yi wa Bello mubaya'a, Abdullahi ya iso ya tarar an rufe ƙofar Sakkwato, ya juya. Ana cikin wannan rashin jituwa sai mutanen Abdussalami suka taru a Kalambaina, suka gagari Abdullahi. Bello bai jira a sasanta su ba, ya hau da rundunarsa, suka ci garin tare. An ce da suka gamu, Bello ya yi haramar sauka daga doki don girmama baffansa, Abdullahi ya hana shi, ya gaishe shi da Sarkin Musulmi. A ganina ran nan aka kafa ƙa'idar zaman. Gwandu ta riƙe yammacinta ba mai sa mata baki, Sarkin Musulmi kuwa ɗaya ne, in abu ya fi ƙarfin ɗayansu sai su haɗa dakaru.

Kabawa ne suka gwada ƙarfin wannan shiri. A 1831 rundunar haɗin gwiwa ta ci nasara a kan Sarkin Kabi Karari. Amma da ɗansa Yakubu Nabame ya yi tawaye a 1849, aka yi ta kai yaƙi shekara da shekaru, Argungu ba ta ciwu ba. Har sarakunan Gwandu suka koma zama a Ambursa don tsaron iyaka.

Da Turawa suka ci Sakkwato a 1903, sai suka sa fadojin biyu ƙarƙashin Razdan ɗaya, suka cire Nupe da Ilori daga hannun Gwandu. A 1906 aka mai da mazaunin Sarkin Gwandu Birnin Kabi.