Yadda ruwan cuku ya zama abincin 'yan ɗaga ƙarfe

A tsakiyar ƙarni na 19, a bakin kogin Yurugwai da ke Kudancin Amurka, ana yanka shanu garke-garke saboda fata da kitse. Naman kuwa, wanda aka samu hali a barbaɗa masa gishiri a shanya, saura ya ruɓe a fili, tunda babu jirgin ruwa mai na'urar sanyi da zai kai shi Turai. A kan wannan asara aka kafa kasuwar da a yau ke sayar wa matasan Kano da Yamai manyan robobin garin furotin da tsabar tsada.

Kalmar furotin kanta ba ta daɗe da haihuwa ba a lokacin. A 1838 ne masanin kimiyya na Suwidin, Jöns Jacob Berzelius, ya ba abokin aikinsa Gerrit Mulder na Holan shawarar wannan suna, daga kalmar Girkanci mai nufin abin da ke sahun farko. Bajamushe Justus von Liebig ya ɗauki zancen ya kai shi ƙololuwa. A littafinsa na 1842 ya ce furotin ne makamashin tsoka, wato duk sarar da manomi ya kai da gatari, naman jikinsa yake ƙonawa, kuma da nama zai mayar da gurbinsa. Liebig babban malami ne, maganarsa ba ta faɗuwa ƙasa.

A 1865 aka kafa kamfani da sunansa a Landan, aka gina masana'anta a garin Fray Bentos na Yurugwai. Ana dafa nama kimanin kilo 30, a tace, a yi ta ƙafe romon har ya koma kilo 1 na wani baƙin abu mai kauri kamar maɗi. Aka zuba a kwalabe, aka ce ga ƙarfin sa a cikin cokali. Asibitoci suka saya, sojoji suka saya, matan gida suka saya.

Abin dariya, a shekarar da aka kafa kamfanin ne wasu malaman jami'a biyu a Suwizalan, Adolf Fick da Johannes Wislicenus, suka tona asirin zancen. Suka ƙaurace wa duk abinci mai furotin, suka riƙe sitaci da sukari da mai kawai, suka hau dutsen Faulhorn, hawa na kusan mita 2,000, suna tara fitsarinsu a hanya. Da suka auna naitirojin da ke ciki, sai lissafi ya nuna furotin ɗin da jikinsu ya ƙona bai isa ya kai su ƙolin dutsen ba. Ashe sitaci da mai ne suka yi dakon. Romon Liebig ma da aka bincika, sai aka ga furotin ɗin yana can cikin tuƙar naman da aka zubar, ɗanɗano kawai aka kwaso. Kamfanin bai mutu ba, ya dai koma sayar da ɗanɗano: a 1910 ya fito da ɗunƙulen Oxo, ɗan uwan ɗunƙulen da ake jefawa a miya.

Kimiyya ta gama magana, amma talla ba ta ji ba. Eugen Sandow, ɗan ƙasar Furusiya mai murɗaɗɗen jiki, wanda ya shirya babbar gasar nuna ƙwanji a Royal Albert Hall na Landan a 1901, ya ba da sunansa ga wani gari mai suna Plasmon, wanda ake yi da madarar da aka riga aka kwashe wa mai, irin abin da mai tallar nono za ta kira tsala. A 1911 ya fito da kokonsa na kansa, da alkawarin lafiya da ƙarfi. Yaƙin Duniya na Ɗaya ya zo, Turawan Ingila suka tsani duk wani abu mai ƙanshin Jamus, kasuwar kokon ta rushe. Dabarar dai ta rayu: a nuna damtsen gwarzo, a ajiye gwangwani a gefensa, a bar mai kallo ya haɗa lissafin da kansa.

Bitamin ma daga dusa ya fito. Wajen 1890, a Batabiya, wadda ake kira Jakarta yanzu, kajin gwajin likita Christiaan Eijkman suka kamu da shanyewar ƙafa irin ta cutar beriberi, sannan suka warke ba tare da magani ba. Da ya bi diddigi, sai ya gano ana ba su ragowar farar shinkafa daga kicin ɗin asibitin soja, har aka sauya kuku, sabon ya ce ba zai ba kajin farar hula shinkafar soja ba. Aka koma ba su shinkafar da ba a surfe ba, suka miƙe. Maganin yana cikin dusar da injin ke zubarwa. A 1912 Casimir Funk ya raɗa wa irin waɗannan sinadarai suna, kuma kafin 1935 kamfanin Roche yana buga ƙwayoyin bitamin C a masana'anta. Abin da aka gano don ceton mai rashi, nan da nan aka fara tallarsa ga mai ƙoshi.

Sitaci bai taɓa samun irin wannan kirari ba, don ba wanda zai yi arziki da tallar tuwo. Likitocin da suka gwada jinin masu gudun yada-ƙanin-wani na Boston a 1924 sun tarar sukarin waɗanda suka galabaita ya yi ƙasa, sai a shekara ta gaba suka ba su alewa a hanya. A shekarun 1960 Jonas Bergström da Eric Hultman na Suwidin suka riƙa ciro ɗan guntun tsoka da allura, suka nuna inda jiki ke ɓoye wannan makamashi da yadda taliya da burodi ke cika rumbun. Daga nan masu gudu suka koyi cika ciki da sitaci kwanaki kaɗan kafin gasa.

Masu ɗaga ƙarfe kuwa hankalinsu na kan furotin. A farkon shekarun 1950 wani mai gidan motsa jiki a Chicago, Irvin Johnson, ya fara tallar garinsa a mujallar Strength & Health ta Bob Hoffman, mai kamfanin York Barbell a jihar Pennsylvania. Hoffman ya ga yadda kuɗi ke shigowa, sai ya rufe wa Johnson ƙofa, a 1952 ya fito da nasa, Hi-Proteen. Garin waken soya ne da kayan zaƙi, kuma labarin da ya shahara shi ne da matuƙin kwalekwale yake juya shi a cikin kasko. Shi ne mai mujalla, shi ne mai kaya, shi ne kocin 'yan wasan Amurka da ake ɗora hotonsu a talla: kura ce ke kiwon akuya. Joe Weider ya bi sahu da nasa mujallun da nasa garin, suka shafe shekaru suna zagin juna a rubuce. A shekarun 1960 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta kama wasu kayan Hoffman saboda alkawuran da suka wuce gona da iri. Johnson ya koma Kalifoniya, ya sauya suna zuwa Rheo Blair, ya ci gaba da haɗa garin madara da ƙwai ga taurarin fim.

Sai aka zo kan ruwan cuku. Duk wadda ta taɓa yin cuku a Agadas, ko awara a Funtuwa, ta san ruwan da ke tsiyayewa idan abin ya dunƙule. A masana'antar Turawa, kowane kilo 1 na cuku yana barin kimanin lita 9 na wannan ruwa, kuma furotin ɗin da ke ciki bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Shekara da shekaru ana ba aladu, ko a watsa a gona, ko a malala a rafi, inda yake ruɓewa ya shanye iskar ruwan kifi su mutu. Da Amurka ta tsaurara dokar tsabtar ruwa a 1972, zubarwa ta zama asarar kuɗi. A daidai lokacin injiniyoyi, musamman a Niyu Zilan, suka ƙware da wata matata mai ƙananan ƙofofi, wadda ke barin ruwa da sukarin madara su wuce, ta tare furotin. A busar da abin da ta tare, sai ga gari mai furotin kashi 80, wanda aka ƙara tacewa har ya haura 90.

Wannan karon, a yi adalci, kayan ba ƙarya ba ne: furotin ne mai kyau, jiki na narkar da shi da sauri. Dokar Amurka ta 1994 ta ba kasuwar fuka-fuki, tunda ta yarda a sayar da irin waɗannan kaya ba tare da hukuma ta tantance su kafin su fita ba, shi ya sa ake ganin wani ɗan rubutu a bayan robar yana cewa hukuma ba ta tabbatar da iƙirarin ba. Matashin da ya fito daga jim a Zoo Road ta Kano ya kaɗa ludayi guda na giram 30 a gorar ruwa ya sha furotin kimanin giram 24, daidai da ƙwai huɗu a teburin mai shayin da ke tsallaken titi.